Ranar da Aka Narkar da Sailuba

Malam Labaran ya yi shekara talatin da biyar yana aiki a gidan waya. Bai taɓa makara ba, bai taɓa ɗaga wasiƙar wani ya duba ta a hasken rana ba, har ya yi ritaya. Amma a Ƙofar Jatau ba wanda ya damu da wannan. Abin da aka san shi da shi littafi ne guda ɗaya.

Tun yana saurayi ya tsinci littafin, cikin tarkacen da aka zubar a bayan gidan wani Bature malamin makaranta da zai koma ƙasarsu. Ba bango, ba sunan marubuci. Daga shafi na biyar ya fara, ya je shafi na ɗari biyu da goma sha ɗaya ya tsaya cak a tsakiyar magana. Sauran kuma gara ce ta ci, ko wani ne ya ƙunshe gyaɗa da su, Allah kaɗai ya sani.

Labarin wani mai awon ƙasa ne da kumbonsa ya lalace a sararin samaniya, ya faɗa wata duniya inda ba a taɓa yin ruwan sama ba. Mutanen can jikinsu duk gishiri ne, gidajensu gishiri, har sarkinsu gishiri. Sunan baƙon yana da wuyar faɗa, don haka Labaran ya mai da shi Jalo. Matar da ta ɓoye shi a gidanta kuma ya raɗa mata Sailuba. Jalo mutumin kirki ne, sai dai yana gumi. In ya yi musabaha da mutum, sai a tarar yatsun mutumin sun rage tsawo. In atishawa ta taso masa, sai an raka shi bayan gari. Yana son Sailuba, tana son sa, amma ko kuka ba shi da halin yi kusa da ita. Ana nan ana nan, tururin da ke fita daga tankin kumbon ya taru a sama, hadari ya haɗo a karon farko tun da aka kafa garin, mutane suka fito suna kallo suna tafi don ba su san ko mene ne ba. Jalo ya ɗaga kai, ya buɗe baki zai yi magana. Nan takardar ta ƙare.

Da Labaran ya fara ba da labarin da Hausa a majalisar gindin rimi, kwana tara ya ɗauka, kullum bayan la'asar. A rana ta tara ya zo wurin hadarin ya tsaya. Mutum sama da arba'in suka zuba masa ido. Wani dattijo ya buga sanda a ƙasa ya ce, "To, sai aka yi yaya?" Labaran ya dubi fuskokinsu, ya ga in ya ce iyakar abin da ya sani ke nan, ba lalle ya koma gida da rigarsa ba. Sai ya ji bakinsa yana cewa Jalo ya ruga ya feɗe kumbon kamar rago, ya ɗinke fatar ƙarfen, ya kafa wata irin laima da ta rufe garin kaf. Aka kwana bakwai ana sheƙa ruwa, ko ɗigo bai taɓa kowa ba. Da ruwa ya ɗauke aka ɗaura aurensa da Sailuba, yana sanye da safar hannu.

Shekara hamsin ke nan da yin haka, kuma littafin ya shiga jinin unguwar. A Ƙofar Jatau ba a cewa laima, jalo ake cewa. Baƙo in ya ji an ce "ara mini jalonka" sai ya tsaya yana waige-waige. Wanda ba ya son fita cikin ruwa sunansa ɗan gishiri. 'Yan acaɓan unguwar sun rubuta JALO BA YA GUDU a bayan baburansu, ko da yake gudu suke kamar an biyo su. Mata in damina ta kama sai su rufe kwanon gishiri da ƙyalle mai kyau, ba don kada ya jiƙe kawai ba, har da tausayi. Kuma akwai Sailuba goma sha ɗaya a unguwar. Babbarsu ita ce Hajiya Sailuba mai atamfa, wadda aka haifa a makon da aka fara ba da labarin, ubanta ya taso daga majalisa ya je ya canja sunan da ya riga ya yi mata huɗuba da shi.

Wata Asabar da hantsi, Radiya, 'yar ƙanwar Malam Labaran da ke koyar da adabi a jami'a, ta yi sallama a zaurensa da wani abu a naɗe cikin takarda. Sai murmushi take.

"Kawu, na gano littafinka," in ji ta. "Ashe sananne ne a duniya. An fassara shi cikin harsuna fiye da talatin, an yi fim ɗinsa sau biyu, akwai waɗanda suka yi digirin digirgir a kansa. Ga shi nan sabo fil, har da bango."

Malam Labaran ya karɓa da hannu biyu. Ya juya shi, ya ji ya fi nasa kauri.

"Duka ne?"

"Duka, Kawu. Har da shafi talatin da takwas ɗin da naka ba shi da su. Ni ma ban karanta ƙarshen ba, na bari sai ranar Juma'a. Na gaya wa Mai Unguwa, ya ce a kafa rumfa bayan la'asar in karanta wa jama'a da Hausa."

Tana fita ya sa tabarau ya buɗe shafi na ɗari biyu da goma sha biyu. Abin da Jalo ya buɗe baki ya faɗa shi ne kowa ya shiga gida, sai ya tuna gidajen ma gishiri ne. Ya kama hannun Sailuba zai ja ta, hannun ya narke a tafinsa. Ruwa ya sauko. Jalo ya ruga ya shige kumbo ya kulle ƙofa, ya kwana uku yana jin ruwa yana dukan ƙarfe. Da ya buɗe, babu gari, babu kowa, sai wani farin tabki. Ya ɗebi ruwan a kwalba ya tafi da shi gida don a yi bincike.

Matarsa Asama'u ta shigo da kwanon fura, ta tarar da shi ya zabga tagumi.

"Malam, wa ya rasu?"

"Kowa da kowa," in ji shi.

Ranar Laraba ya hau mota ya je har ofishin Radiya. Ya fara da cewa Turancin ƙarshen yana da nauyi, ba zai shiga Hausa ba. Ta ce aikinta ke nan. Ya ce to ta karanta a hankali, ta yadda magariba za ta yi kafin a kai ƙarshe. Ta dube shi ta saman tabarau.

"Kawu, me ke cikin shafukan nan?"

"Ruwa," in ji shi, ya miƙe ya yi mata sallama.

Ranar Juma'a rumfa ta cika. Maza a gaba, mata a gefe, 'yan acaɓa sun jera babura suna zaune a kai. Mai Unguwa Alhaji Bashir ya zauna a kujerar tsakiya, liman Malam Shehu a damansa, aka ajiye Malam Labaran a hagu kamar ango. Radiya ta fara karatu da murya mai daɗi. Da ta zo inda hannun ya narke, ta waiwayi kawunta. Shi kuwa takalminsa yake kallo. Ta daure ta ci gaba har kwalbar.



Hajiya Sailuba ce ta fara miƙewa, ta gyara mayafi. "Radiya, wai ni ce na narke?"

"Ba ke ba, Hajiya, ta cikin littafin."

"Sunan wa ne da ni? Shekara hamsin ina ɗauke da sunan matar da aka kora da ruwa kamar miyar da ta zube? Kuma shi wannan lalataccen ya kulle ƙofa?"

Shugaban 'yan acaɓa ya sauko daga babur, ya zaga baya ya karanta abin da ke rubuce a jiki, ya dawo ya ce ƙarya ne, Jalo ba ya gudu, ga shi nan a rubuce. Wani ya ce jabun littafi aka sayar wa Radiya. Wani ya ce fim ɗin ne ya ɓata littafin. Alhaji Bashir ya ɗaga hannu ya ce a watse, za a kafa kwamiti.

Washegari da safe Malam Labaran ya fito sayen goro, ya ga takalma jibge a ƙofar gidan Hajiya Sailuba. Ya tambaya, aka ce ta'aziyya ake. Ba wanda ya san wanda ya fara. Wata maƙwabciya ce dai ta shiga ta ce mata Allah ya ba da haƙuri, wata ta gani ta biyo, kafin azahar an shimfiɗa tabarmi a waje, an fara aiko da kwanukan abinci. Hajiya na zaune a tsakar gida, sauran Sailuba goma sun kewaye ta, ƙaramarsu ana goye da ita. In an ce "Ya ƙarin haƙuri?" sai ta ce "Da godiya," ta share ido.

Aka je aka tambayi Malam Shehu hukuncin zaman makokin mutanen gishiri. Ya shafa gemu. Ya ce shi dai a iya karatunsa bai ga babin ba, amma tun da ba a yi gawa ba, ba a yi salla ba, abincin kuma an riga an dafa, to a ci kada ya lalace, a kuma tashi kafin kwana uku.

Abin ya tsaya wa Malam Labaran a rai. Ranar da kwamiti ya zauna a zauren Mai Unguwa, ya nemi izini ya miƙe tsaye, hularsa a hannu.

"Jama'a, ku yafe mini. Abin da Radiya ta karanta shi ne gaskiyar littafin. Laimar nan ni na ƙirƙire ta. Auren ma ni na ɗaura. Littafina ya yanke ne, na ji kunyar in faɗa."

Aka dube shi. Sai Alhaji Bashir ya fashe da dariya, har da riƙe ciki.

"Kai Labaran? Kai ka ƙirƙiro? Tare fa muka yi firamare. Kai ne aka ce kowa ya rubuta insha'i kan damina ka rubuta 'ana ruwa' ka ajiye alƙalami."

"Wallahi ni ne, Alhaji."

"Kada ka yi rantsuwa don rufa wa Baturen da ya rubuta littafin asiri," in ji Malam Shehu a hankali. "Mun san ka da kawaici. Amma mutumin da ya shekara talatin da biyar yana buga hatimi ba zai kafa laimar da ta rufe gari ba. Zauna."

Ya zauna. Da ma sun zage shi, da ya fi masa sauƙi. Ya koma gida bai iya cin tuwon rana ba, ya gaya wa Asama'u yadda aka yi.

"Ni ai na sani tun kafin a kawo ni gidan nan," in ji ta, tana tsince shinkafa a faifai.

"Kin sani?"

"Safar hannun nan fa. Ranar da ka fara zuwa gaida babana, hannunka na tsiyayar gumi har ya ce a ba ka tsumma. Da na ji an ce ango ya sa safa, na ce wannan ba aikin Bature ba ne."

"Amma ba ki taɓa faɗa ba."

"Wa ya tambaye ni?"

Kwamiti ya yanke shawara cewa tun da shi marubucin bai je duniyar gishiri ba, Labaran ma bai je ba, sai a gwada a gani da ido. Aka samo kantun gishiri irin wanda ake ba dabbobi, guda shida, don a yi Sailuba da su. Malam Shehu ya ce ba za a sassaƙa mata fuska ba, don haka aka ɗora su kawai ɗaya kan ɗaya, Hajiya Sailuba ta ba da tsohon mayafinta aka yafa. Wani maƙeri ya haɗa laima da kwanon rufi huɗu da bututun famfo. In ruwa ya zo da iska gishirin ya tsira, Jalo ya yi gaskiya. In ya narke, Bature ya yi.

Ranar Talata hadari ya taso daga gabas tun azahar. Aka ɗora Sailubar gishiri a baro, unguwa ta bi ta a baya har gindin dutsen Kufena, inda fili yake, ba ginin da zai tare iska. Aka kafa laima, aka zaunar da ita a ƙarƙashi, aka ja da baya ana jira. Malam Labaran na tsaye a gefe, shi kansa bai san wanda yake so ya ci ba. Hadari ya yi baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗawa, amma ruwa ya ƙi saukowa. Aka yi ta jira har la'asar ta yi. Malam Shehu ya ce a yi salla tukuna. Mata suka koma bayan wani dutse, maza suka ja sahu suka ba laimar baya.

A raka'a ta biyu Malam Labaran ya ji ƙarar ƙananan kofatai a kan tsakuwa. A ta uku ya fara jin wani sauti, laƙam, laƙam, daga baki fiye da goma. Na kusa da shi ya yi gyaran murya. Ba wanda ya motsa. Malam Shehu kuwa mutum ne mai natsuwa a salla, ba ya gaggawa ko gobara ake.

Ana sallamewa aka juya gaba ɗaya. Awaki ne, sun kai ashirin, na wani ƙauye da ke bayan dutsen. Sun ture kantun, sun kewaye su, wani bunsuru kuma ya ja mayafin ya yi gefe yana tauna. Kafin a kore su, abin da ya rage bai fi sabulun wanka ba. Hadarin kuma ya juya ya je ya zubar da ruwansa a Gyallesu, ko yayyafi bai sauka a Kufena ba.

Hajiya Sailuba ta tsaya a kan ragowar ta daɗe tana kallo.

"Alhaji," ta ce wa Mai Unguwa, "ni na koma bayan Bature. Gara ruwan Allah ya narkar da ni da akuya ta lashe ni."

Daga ranar unguwa ta kasu. 'Yan acaɓa da yawancin dattawa suka tsaya a kan laima, suka ce ai ta yi aikinta, ba a ce ta tare awaki ba. Sailubobi da Radiya suka tsaya a kan littafi. Wasu 'yan tsiraru, masu shayi da mahauta, suka ce a bi abin da ido ya gani, kuma har yau in suna ba da labarin, awaki ne ke saukowa daga kumbo. Don a raba gardama, kwamiti ya sa Radiya ta rubuta wa kamfanin da ya buga littafin takarda, a gaya musu ƙarshen da aka sani a Ƙofar Jatau, a kuma nemi su gyara nasu. Marubucin ya daɗe da mutuwa, amma Alhaji Bashir ya ce ai ya bar magada.

Bayan wata biyu amsa ta zo. Layi uku ce: suna godiya da sha'awar da aka nuna, ba sa canja littattafan da suka riga suka fito, ga jerin sababbin littattafansu. Radiya ta fassara a zauren Mai Unguwa, ta ɗan sassauta inda ya kamata.

"Sun ce sun gode?" in ji Alhaji Bashir.

"Sun ce, Alhaji."

"To ai ban haƙuri ke nan, Bature ba ya wuce haka. Mun yafe masa." Aka shafa fatiha.

Da aka watse Radiya ta bi kawunta har gida, ta miƙa masa takardar ta ce ya duba baya. Wata ma'aikaciyar kamfanin ce ta yi rubutu da biro. Ta ce tun tana 'yar shekara goma sha biyu ta karanta littafin ta yi kwana biyu tana kuka, kuma ba wanda ya taɓa gaya mata akwai laima. Tana roƙon wanda ya san labarin ya rubuto mata shi duka, musamman tana so ta san girman laimar, da kuma abin da aka kafa ta a kai.

Malam Labaran ya karanta sau uku. Ya aika aka sayo masa littafin rubutu mai shafi tamanin da biro biyu. Ya kwana biyu yana zane a ƙasan zaure da tsinke, sannan ya kira Radiya ya ce ta rubuta: faɗin laimar kamar daga Ƙofar Jatau zuwa Kufena ne, an kafa ta a kan ginshiƙai goma sha biyu.

"Bara cewa ka yi har Samaru," in ji Asama'u daga tsakar gida. "Kuma ginshiƙi ɗaya ne."

"Ginshiƙi ɗaya ba zai ɗauka ba, na auna."

"To me ya ɗauke ta shekara hamsin?"

Radiya ta ajiye biro ta ce in sun daidaita su kira ta, tana da aji ƙarfe huɗu.